Atamfar Kamfe a Ƙofar Asibiti

Shekarar da na daina bin motocin shanu zuwa kudu na dawo Talata Mafara na zauna, ita ce shekarar da gwamnatin tarayya ta turo manyan motoci biyu farare zuwa wani asibitin jiha da ke yankinmu. Ɗaya ɗakin tiyata ne a kan tayoyi, ɗayar kuma ta ajiye jini ce da ɗaukar hoton ƙashi. An haɗo su da likitoci. Dalilin kowa ya san shi. Masu raunin harsashi sun yi yawa daga Maradun da Bakura da ƙauyukan bakin daji, kafin a kai mutum Gusau ko Sakkwato jininsa ya ƙare a hanya.

Motocin suna isowa aka jera su a inuwar darbejiya, aka garƙame su da kwado. Jam'iyyar da ke mulki a Abuja daban, ta jiha daban. Mutanen jiha suka ce asibitin nasu ne, ba wanda zai shigo musu gida ba sallama. Mutanen tarayya suka ce wurin da ko auduga babu bai isa a nemi izininsa ba. Mu kuma a nan ba a taɓa kayan gwamnati sai babban mutum ya zo ya yanke ƙyalle an ɗauki hoto, sai rigimar ta koma kan wanda zai yanke. Kowane ɓangare ya ajiye 'yan bangarsa, na jiha a bakin ƙofa, na tarayya a tsallaken titi wajen masu shayi.

Na kwanta a asibitin Maraɗi, na yi jinyar abokin fatauci a Kumasi. Na shiga asibitin Njamaina ana harbe-harbe a gari, sojan da ke ƙofa ya hana kowa wucewa, amma yana ganin mai jini ya matsa gefe ba tambaya. Abin da ake yi a gida ban taɓa ganin irinsa ba. Duk da haka, in faɗi gaskiya, abin hira na ɗauke shi. A majalisarmu ta bakin mahauta nakan kawo labarin ƙasashen nan a yi dariya a tashi.

Wata Laraba da hantsi aka kira ni aka ce an harbi ƙanena. Manomi ne a wajen Tsibiri, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, mu biyu muka rage. 'Yan bindiga sun same shi yana huɗa, suka ce ya kwance shanun, ya tsaya gardama, ɗayansu ya harbe shi a cinya. Matarsa da ta kai masa fura ita ta same shi kwance a cikin kunya. Ta cire mayafinta ta ɗaure cinyar da gefe ɗaya, ta sa kara ta murɗe ɗaurin har jinin ya tsaya. Sauran zanen ta lulluɓe shi da shi har fuska saboda rana da ƙudaje.

Mayafin atamfar kamfe ce, irin wadda ake raba wa mata lokacin zaɓe, da fuskar ɗan takarar ɓangaren tarayya a jere a jikinta. Babu gidan da ba ta. Da ita ake labule, da ita ake goyo, a kanta ake shanya barkono. Matar ƙanena ko sunan mai fuskar ba ta riƙe ba. Na tare su a mararraba a cikin a-kori-kurar wani mai albasa, na hau baya na ɗora kansa a cinyata. Ni da na san irin rawanin da ake cirewa kafin a isa shingen sojoji a Chadi, na zauna da zanen nan a gabana tsawon hanya, idona bai gan shi ba.

Abin da ban sani ba, tun jiya ake raɗe-raɗin cewa mutanen tarayya za su kawo gawa ƙofar asibiti su ɗauki bidiyo don su kunyata jiha. Muna tsayawa samarin ɓangaren jiha suka kewaye motar da gorori da adduna.

"Mi kunka ɗauko?" in ji babbansu, wani mai jan ido da tabo a goshi.

"Mara lafiya ne, 'ya'yana. Harbinai anka yi. Ku buɗe muna don Allah."

Ya leƙa bayan mota ya yi tsaki. "Mara lafiya da hoton ɓarawo bisa fuska? Haba Baba! Da furfurarka anka haɗa wanga wasa da kai?"

Na gane shi, ɗan wani mahauci ne da muka yi shekaru muna ciniki. Na ce, "Kai, ba ka gane ni ba? Ni na riƙe ragon sunanka."

"Alhaji, yau babu sani." Ya juya ya ɗaga murya. "Ga ta nan! Gawar ta iso!"

Gora ta farko a gilashin gaba ta sauka. Suka jawo direba ta taga, suka kwantar da shi a ƙasa suna duka. Na miƙe zan buɗe fuskar ƙanena su ga yana numfashi, wani ya zabga mini ƙotar adda a baki, na ji haƙora biyu a kan harshena. Sai mai tabon ya kama bakin atamfar ya fizge da ƙarfinsa duka, wai zai ƙona ta. Karan ya karye, ɗaurin ya kwance, jini ya yi tsalle har ya taɓa ƙarfen motar. Ƙanena ya zamo ya faɗo ƙasa.

'Yan bangar tarayya na tsallaken titi suna ganin an ɗaga hoton mutuminsu za a sa masa wuta suka rugo da nasu makaman. A kanmu aka haɗu. Na kwanta a kan ƙanena na danna tafin hannuna a ramin harsashin, ina jin ƙafafu suna bi ta bayana. Na ga an sari wani a kafaɗa, hannun ya saki yana lilo. Na ji wani takalmi ya sauka a ƙafar ƙanena, na ji ƙarar ƙashin. Matarsa tana ta ihu tana cewa, "Da rainai! Wallahi da rainai!" Babu wanda ya saurare ta.

Ta tsakanin ƙarafan ƙofa na hango wata likita cikin waɗanda tarayya ta turo, Bayarabiya, tana tsaye a baranda hannunta a baki. Na kira ta da Yarabancin da na koya a kara, kasuwar shanu ta Ibadan, na ce 'yata, ƙanena zai mutu. Ta gangaro da gudu. A bayanta wani tsohon ma'aikacin jinya na jiha ya biyo, wanda aka yi wa kashedi kada ya ko gaisa da baƙin. Shi ya buɗe ƙaramar ƙofa, muka ja ƙanena ciki a ƙasa kamar buhu. Mabuɗin motar tiyata yana hannun wani jami'i a wani gari. Tsohon ya karɓi taɓarya a hannun wata mai jinya da ke daka a gindin bishiya, ya buga wa kwadon motar sau uku ya ɓalle shi.

"Malam, za su kore ka," in ji wani abokin aikinsa.

"Su kora. Riƙe ƙahwar nan ka bar surutu."

Sai bayan la'asar likitar ta fito. Ta ce ya rayu. Ta ce raunin harsashin da za a iya gyara shi, amma ƙashin da aka tattake ya dagargaje, dole ta yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ba a yi sati ba aka mayar da tsohon ma'aikacin wani ƙaramin asibiti can bakin daji. Direban ya warke, kunnensa ɗaya ya daina ji.

Ƙanena yana nan. Wani kafinta a Bakura ya sassaƙa masa sandunan dogarawa, da damina yakan hau jaki ya je gona ya zauna a gindin kirya yana nuna wa 'ya'yansa inda za su bi. Tun a hanya ya suma ranar, bai san abin da ya faru a ƙofa ba. Shi a saninsa 'yan bindiga ne suka raba shi da ƙafarsa, su yake kai wa Allah ƙara bayan kowace salla. Matarsa ta roƙe ni kada in faɗa masa, tana tsoron ya ji cewa mayafinta ne ya jawo. Har yau ban faɗa ba.