Ƙullin da Manaja Ya Yi wa Aikin 'Yata

'Yata ta biyu ta samu aikin kwamfuta can ƙarshen shekarun tamanin, a wani kamfanin irin shuka a Funtua. Aikinta shi ne ta rubuta wa na'urar umarni, layi bayan layi, don ta riƙa faɗin irin masarar da ya tsiro da kyau a gwaji, da wanda ya dace da ƙasar Danja ko ta Malumfashi. Ni karatun yaƙi da jahilci kawai na yi, amma in ta baza takardunta a tabarma nakan gane lambobin layukan.

Aikin gwaji aka ɗauke ta. In abin ya tafi daidai kafin a fara raba iri, a tabbatar da ita. In bai tafi ba, ta dawo gida.

Sai aikin da ta rubuta ya fara tsayawa a na'urar. Ran Juma'a ta gwada, lafiya lau, ta miƙa wa manaja faifan da aikin ke ciki, wani baƙin abu shafal kamar ambulan, ya ajiye a ofishinsa. Ran Litinin a kunna gaban ma'aikata, ya yi rabi ya ƙame. Da can in ta yi kuskure na'urar kan nuna layin da ya ɓaci. Yanzu sai tarkacen haruffa. Manaja kuwa ya tsaya hannu a aljihu yana cewa dama ya faɗa, wannan ba aikin mata ba ne. Mako uku ana haka. Yarinya ta rame, tana ta gyara layukan da ba su da laifin komai.

Ni kuma na tuna shekarar da yarana suka yi ta amai in sun ci wake. Na wanke tukwane har hannuna ya tsage, ina zargin girkina. Ashe babansu ne ya barbaɗa garin kashe ƙwari a buhun, bai gaya wa kowa ba. Shi ya sa na tambaye ta wa ke taɓa faifan tsakanin Juma'a da Litinin.

Ta yi dariyar gajiya. "Inna, faifai fa ba buhun wake ba ne."

Duk da haka ta kwafi aikin a wani faifan, ta ɓoye shi cikin littafin waƙoƙinta na coci. Ran Litinin nata ya yi aiki tiryan-tiryan. Wanda manaja ya dawo da shi ya ƙame, kuma abin da ke cikinsa ya fi nata yawa. Da ta matsa, sai ya fito da gaskiya: wani makulli ya sayo daga Legas, shi ma umarni ne, yana naɗe aikin mutum ya hargitsa shi don kada a kwafa. Kowane ƙarshen mako sai ya ɗora shi a kan nata, wai kada ta sayar wa wani kamfani. Makullin ne ke karo da wurin da aikinta ke karanta sakamakon gwaji.

Zargin bai dame ni sosai ba. Abin da har yau ke tayar mini da zuciya shi ne, ya san ranar da ya fara, ya san ranar da abin ya fara tsayawa, amma ya tsaya yana kallonta tana zufa.

Ya zo har gida da ƙullin irin masara, yana sunkuyar da kai. Na ba shi ruwa. Ya ce, "Mama, a bar maganar nan a cikin gida."

Na ce, "Malam, a gaban mutane ka zubar da ita. A gabansu za ka ɗauke ta."

Bai yi ba. An cire makullin, an tabbatar da ita, amma ma'aikata ya ce musu zafi ne ya dami na'urar, ita kuma ta ƙara ƙwazo. Ta ci gaba da aikinta a haka, da rabin suna.

Irin nan ban shuka shi ba, kaji na watsa wa. Kofin da ya sha ruwa kuwa sai da na dirje shi da toka sau biyu.