Zare a Busasshen Baki

A ɗakin jiran likitan haƙori, malamar makaranta tana zaune da mahaifinta. Yau za a cire masa ruɓaɓɓun haƙora, kafin a fara yi masa gashin na'ura, wato ƙona ciwon dajin maƙogwaronsa da haske. Amma idonta na kan mutumin da ke bencin gabansu.

Dogo ne, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gemunsa ya tsaya a rabi. Ɓangaren hagu fata ce sumul, ta yi duhu kamar gindin tukunya. Da gani, shi ya riga ya sha nasa gashin. Gorar ruwa na kan cinyarsa, yana kurɓa a kai a kai.

Tela ne, ta ce a ranta, don ga allura soke a hularsa. Maɓallin hannun rigarsa na lilo. Ya zaro allurar, ya kai zare bakinsa ya jiƙa. Zaren ya fito a bushe. Na'urar ta ƙafar da yawun.

Ya tsoma zaren a murfin gora, ya zura.

Matarsa da ke gefensa ta lura ana kallonsu. "Haƙori ɗaya ya hana a cire kafin gashin," ta ce. "Yanzu yana ciwo, kuma likita ya ce in aka cire, muƙamuƙin ba lallai ya warke ba. Baba, ka bari su cire naka."

Telan ya gama ɗinki, ya ɗaga hannun rigar zai datse zaren da haƙori, sai ya tsaya. Ya miƙa wa matar hannun. Ta sunkuya ta datse masa.