Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Haɓar Zanina

Ranar rabon gadon maigidana, malamin da ya zo raba mana ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a sa mini a cikin tumunina, wato kasona na matar mamaci. Na ce kwamfutar zaure. Sai da ya sake tambaya. Na ce ita dai, da teburinta.

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya san ko alif ban sani ba a boko. To, ina ruwansa? Mahaifinsu buga takardu ya yi a ofis har ya yi ritaya, ya sayi wannan na'ura ya kafa ta a zaurenmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Da ita yake buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Ina daga tsakar gida ina ɗinkin hula, ina jin ƙaf-ƙaf ɗin yatsunsa. Bayan rasuwarsa autata ta hau kujerar, ƙarar ba ta yanke ba.

Amma na'urar ta tsufa. A kunna ta da safe, sai in dama koko in sha ba ta gama farkawa ba. Masu kawo aiki su gaji da zaman benci su tafi wani wurin. Ran nan babban ya zo gaishe ni, ya ce, “Inna, ki bari a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, a rufe zauren nan. Me kika rasa? Ba ni nake kawo cefane ba?”

Na ce, “Allah ya yi maka albarka da cefanen. Amma wannan tumunina ce. Malam ne ya damƙa mini, kana zaune.”

Washegari na sa aka ɗora mini akwatin kwamfutar a adaidaita sahu, na rungume shi kamar jika, muka nufi kasuwar Tarauni. An kwatanta mini shagon wata mai gyara, 'yar kudu ce, Kirista, amma Hausa a bakinta kamar a Darmanawa aka yanke mata cibiya. Ta kwance gefen akwatin, ta hure ƙurar, ta leƙa.

Ta ce, “Mama, lafiyarta ƙalau. Ƙwaƙwalwarta ce ta yi wa aikin yanzu kaɗan. Furosesa muke ce mata. Allon da take zaune a kai zai ɗauki wadda ta fi ta ƙarfi, in dai danginsu ɗaya.”

Na ce, “Ashe ba mutuwa ta yi ba.”

Ta ce, “Wa ya ce ta mutu?”

Na ce, “Wani mai ilimi.”

Ba ta da irinta a shago. Ta rubuta lamba a takarda ta ce a kai wa wani mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta a can ƙarshen layi. Na ce ƙafata ba ta karye ba, ni zan je. Mutumin ya duba takardar, ya miƙo mini wata 'yar roba. A ciki ga abu nan kamar gutsuren faranti, bai kai tafin hannun jariri ba, bayansa duk 'yan ƙusoshi ruwan zinare, sirara kamar gashi.

To, a nan na yi abin da na yi. Tun ina yarinya, duk abin da nake tsoron ya ɓata, a haɓar zani nake ƙulle shi. Robar ta ƙi ƙulluwa. Sai na fitar da abin, na yar da robar, na naɗe shi na ja ƙulli biyu da ƙarfi.

Da na kwance a gaban mai gyara, sai ta dafe kai. “Mama! Kin kashe ni!”

Ƙusoshin gefe ɗaya duk sun kwanta kamar gero bayan iska. Ta ce kowanne da raminsa a kan allo, in ɗaya ya kauce ba za ta zauna ba, in ɗaya ya karye shi ke nan. Ga shi mutumin ya gaya mini ita kaɗai ta rage masa. Nan da nan na hango fuskar babban, da murmushin nan nasa.

Na ce, “Ana miƙar da su?”

Ta ce, “Ana yi, amma ni hannuna rawa yake. Na taɓa karya na wani.”

Na zare allurar da ke maƙale a ɗankwalina. Na ce, “'Yata, tun ba a haife ki ba nake bin zare ɗaya-ɗaya a jikin hula. Matso mini da kujera bakin ƙofa.”

Ta sa na fara dafa ƙarfen akwatin, wai jikin mutum yana tara wata wuta da ke lalata abin. Na dafa. Na gyara tabarau, na karkata shi ga rana ina duban layin ta gefe, yadda nake duba ɗinki in ga inda ya karkace. Ina tallabar kowanne daga gindi, kaɗan-kaɗan, ba na ko numfashi sai ya tsaya. Maƙwabtan shago suka taru. Wani ya ce, “Hajiya injiniya!” Na ce masa ya matsa, ya tare mini haske. Aka kira azahar, na yi salla a bayan kantarta, na dawo kan sauran.

Da na gama ta karɓa, ta saita kusurwar da ke da alama, ta sake ta a hankali. Ba ta danna ba, da kanta ta faɗa mazauninta. Ta rufe ɗan marfin ƙarfen, ta ɗiga wani farin mai kamar ƙwayar wake saboda zafi, ta mayar da fanka. Ta jona ta da wata fuskar kwamfuta da ke shagon, ta kunna. Kafin in mayar da allurata, fuskar ta haska.

Da babban ya zo ranar Juma'a ya tarar da benci cike. Ya tsaya yana kallon ƙanwarsa tana aiki, ya ce, “Sabuwa kuka saya?”

Na ce, “Ta ubanku ce. Cire takalminka, ka shigo ka gaishe ni.”

Wannan labarin ma da ita ake bugawa. Ina faɗa, auta tana dannawa. Ta ce in bar zancen haɓar zani, wai za a yi mini dariya. Na ce ta rubuta, ni na lanƙwasa ƙusoshin, ni kuma na miƙar.