Zugun Gwaggo

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san gidanmu na Funtua tun yana da dangar kara. Watan da na yi ritaya daga koyarwa ta aika a kira ni. Na same ta a bakin gado, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu.

"An ce gwamnati ta gama da kai," in ji ta.

"Ta gama, Gwaggo."

"To madalla. Ni yanzu zan fara. Jawo mini adudun nan na ƙarƙashin gado."

Na jawo, na buɗe. Cike yake da dunƙulen zare fari, irin kaɗin hannu, wasu har sun soma ja don daɗewa. Ƙamshinsa ya buge ni, ƙamshin auduga da hayaƙi da kanumfari, sai na ji kamar in nemi allona in tafi makaranta.

"Masaƙi za ka nemo mini," ta ce. "Zugu nake so a saƙa, na likkafanina. Ba na so a naɗe ni da yadin kanti wanda ban san hannun da ya taɓa shi ba."

"Haba Gwaggo, ai da sauran lokaci."

"Kai aka ba ajiyarsa?"

Na yi shekaru ina yi wa yara tambayar da ba su iya amsawa, ranar nan aka rama musu.

Wanda bai ga Funtua a zamanin auduga ba, da wuya ya gane abin da tsohuwar nan take nema. Da kaka garin fari yake zama. Jakuna da amalanke da manyan motoci su yi jerin gwano zuwa fuloti, inda ake awo, kowane buhu yana zubar da ɗan abin da ya sawwaƙa a hanya. Auduga ta maƙale a danga, ta maƙale a ƙaya, ta maƙale a gemun dattawa, har ba ka iya raba furfura da amfanin gona. Jiniyar gidan gurzar auduga ita ce agogon kowa. In ta yi kuka da safe mun makara, in ta yi da rana tuwo ya kusa. Malaminmu na firamare yana da agogon hannu, amma da jiniyar yake gyara shi, a ɓoye.

Duk da haka Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar Funtua gari ba. Mu asalinmu Maska ne, kakanmu ya biyo jirgin ƙasa ya dawo nan, kamar yadda sarauta ma ta biyo. A wurinta Maska ce gari: tana da ganuwa, tana da marina, tana da masaƙan da fatake ke zuwa nema daga nesa. Funtua kuwa tasha ce da ta yi ƙiba. Na karanta tarihi, na kuma koyar da shi, ban sami inda aka faɗi abin a taƙaice kamar haka ba.

Injin gurza yana haɗiye audugar lardi guda, amma bai hana matan unguwarmu kaɗi ba. Kowane maigida in ya kai kaya fuloti sai ya rage wa gida ɗan kwando. Da hantsi, bayan an gama shara da wanke-wanke, sai Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumin tsakar gida, ta ɗauko mazari da ɗan allin da take shafa wa yatsu. Ba ta daɗewa da zama sai ƙawarta ta leƙo ta kan danga.

Ƙawar nan matar wani ma'aikacin gidan gurza ce, mutanen wani ƙauye a bayan Malumfashi, masu zuwa coci ranar Lahadi. Doguwa ce siririya, Gwaggo kuwa gajera mai jiki, kuma haka zarensu ya fito. Ƙawar ita ke kaɗa siririn zare mai ƙarfi, wanda masaƙi ke miƙewa a tsaye. Gwaggo ita ke kaɗa abawa, mai kauri da laushi, wadda ake gittawa. Babu zanen da ke fita sai da biyun. Kowace ta iya na ɗayar, amma ba su taɓa musanya ba. In zare ya taru su haɗa su kai wa masaƙi, in ya kawo su kama gefe da gefe su raba biyu daidai. Duk gwadon da muka rufa da shi muna yara, rabinsa yana can gidan maƙwabta yana rufe wasu yaran.

Suna kaɗi suna tsiya. Gwaggo ta ce, "Wannan zare naki kamar miyar gidanku, ba a ganinsa sai an matso." Ita kuwa ta ce, "Naki fa, ƙawa? In igiyar guga ta tsinke a zo a ara." Daga nan su koma kan mazajensu, mu kuma a kore mu.

Da mijin ya bar aiki suka kwashe suka koma ƙauyensu. Ranar tafiya ne suka yi alkawarin, a gaban motar kaya, rabi wasa rabi gaske: kowace ta ci gaba da kaɗa nata, a tara, a yi zugu ɗaya a raba, kowace ta tafi da hannun 'yar'uwarta a jikinta. Da farko suna aike, daddawa ta zo, kuka ta tafi. Sannu a hankali masu kai saƙon suka ƙare, hanya kuma ta lalace da abin da ya fi ramuka. Amma Gwaggo ba ta ajiye mazari ba sai da idonta ya ƙi.

Neman masaƙi ya ci mini damina guda. A Funtua duk wanda na tambaya sai ya nuna mini tela. Wani saurayi mai shagon waya ya ce in ba shi hoton abin zai samo mini daga Kano kafin Juma'a. A kasuwar Bakori na sami mai sayar da gwado, na yi murna, na juya gefen sai ga tambarin wata ƙasa mai nisa. Gonakin da na sani da auduga duk sun koma masara da waken suya. Ban ce ba su da amfani ba, amma ban taɓa ganin waken suya ya maƙale a gemun kowa ba.

A ƙarshe na hau acaɓa zuwa Maska, wadda ya kamata in fara da ita. Ganuwa ta zama tudun da awaki ke hawa su duba gari. Ramukan marina an cike wasu da shara, wasu sun cike kansu. Na tsaya a inda Gwaggo ke cewa ƙofar gari ce, na yi ƙoƙarin jin wani abu, sai wani mai rake ya ce in matsa na tare masa ciniki. Shi ne kuwa ya kai ni gidan wani dattijo da ya gaji saƙa. Itatuwan masaƙarsa suna jingine a bayan rumbu, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsu.

"Zugu?" ya ce. Ya daɗe yana kallona. "Malam, wa ya rage da ke neman zugu?"

Na gaya masa. Ya ce shi ma yana da nasa a ajiye, na ƙarshen da ya saƙa, 'ya'yansa na yi masa dariya. Ya ce in kawo zaren, in Allah ya ara masa ido zai yi.

Da na kai wa Gwaggo labari ba ta yi mamaki ba, kamar dai ta aike ni sayen gishiri. "To sai ka wuce Malumfashi," ta ce. "Ka ce wa ƙawa na gama nawa, masaƙi ya samu. Ta ba ka na tsaye. Ka san halinta da rowa, za ta auna ta ba ka daidai wanda zai isa, ta riƙe saura wai ko za a ƙara. Ka ce kuma na ce har yanzu miyarta ba gishiri."

Na tafi ranar kasuwa don in sami mota. Ƙauyen na nan, da cocinsa mai jan rufi da rumbunan dawa a jere. Na yi sallama a gidan, wata mata mai furfura ta fito tana goge hannu. Sai da ta yi dariya na gane ta: babbar 'yar ƙawar ce, wadda muka sha dambe da ita a kan 'ya'yan ɗurumi.

"Yaya! Kai ne ka tsufa haka?"

"Ke ma ai ba a bar ki a baya ba."

Ta kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya. Da na ce ina Mama, sai ta sunkuyar da kai.

"Ashe ba ku ji ba. Ai Mama ta kwana biyu da rasuwa, an yi kaka uku ko huɗu. Mun so mu aiko, aka ce Gwaggo ba ta da ƙarfi, kada a tayar mata da hankali. Daga baya kuma kunya ta hana."

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta rufe baki da hannu.

"Wayyo, zugun nan! Ta sha faɗa. Kullum sai ta ce a kai zarenta Funtua. Mu kuwa muka ɗauka tsufa ne. Da ta cika muka sa mata zanen matan zumuntar coci, aka sa ta a akwati kamar kowa."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya babba, an ɗaure bakinta da tsumma. Siririn zare ne cike, kowane dunƙule a naɗe tsaf kamar jiya aka gama. Ta ce in tafi da shi duka, ba wanda zai taɓa shi a nan.

A mota na shirya jawabi. Ina da gabatarwa, ina da ayar da zan kawo, ina da inda zan tsaya in yi shiru. Na shiga ɗakin Gwaggo na ajiye ƙwaryar a gabanta, ina gyara murya. Ta kwance tsumman, ta tura hannu har ƙasa, ta ɗaga ƙwaryar ta ji nauyinta.

"Duka ta ba ka?"

"Duka, Gwaggo."

Can ta ce, "Yaushe ta rasu?"

Jawabina bai samu shiga ba. Na gaya mata abin da aka gaya mini. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce dai, "Da tana da rai ko da dunƙule ɗaya sai ta riƙe." Sannan ta ce in fita in ja mata ƙofa.

Dattijon Maska ya kori kazar, ya kafa masaƙa a ƙofar gidansa. Yaran unguwa suka taru suna ɗaukarsa hoto da waya, wasu na tambaya ko gyaran gado yake yi. Na riƙa zuwa ina zama kusa da shi, ba don in taimaka ba, don in ji ƙarar ƙoshiyar saƙa tana kai da komo. Rabona da ita tun ina da gajeren wando. Kafin a gama girbin dawa ya naɗe zugun ya miƙo mini da hannu biyu.

Gwaggo ta sa aka fito da ita tsakar gida, inda ɗurumin yake kafin a sare shi a yi ɗakin haya. Ta warware zugun a kan cinyarta. Ido ba ya gani sosai, sai ta bi shi da yatsa, ba ta kula abawarta ba, zaren tsaye take bi. Ta yi nisa, sai ta tsaya a wani ɗan ƙulli.

"Ka ji nan? Nan ta yi gyangyaɗi. Kullum in rana ta yi sama sai ta yi, in na faɗa ta ce ƙarya nake." Ta ci gaba, ta sake tsayawa. "Ga wani. Malalaciya."

Daga nan ta auna shi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana motsa baki. Da ta kai tsakiya ta riƙe wurin gam, ta ce a kawo reza.

"Gwaggo, ai ita an riga an rufe ta," na ce. "Ki bar shi duka mana."

"Ban tambaye ka ba, malamin makaranta. Kama can."

Na kama gefen da ƙawarta ke kamawa, ta yanke. Ta naɗe rabi ta sa a adudu, ta naɗe ɗayan ta ɗora mini a hannu.

"Ka kai wa 'yarta. Ta yi abin da ta ga dama da shi, ko shimfiɗar jika. Amma ka gaya mata na uwarta ne, ban ci mata ko zare ɗaya ba."

Na kai. Gwaggo ta ƙara damina ɗaya, ta tafi ana cikin yabanya. Matan da suka yi mata sutura sun ce rabin nata ya ishe ta daidai, babu ragi babu ƙari.