Fulogin Maccido

A tashar 'yan kabu-kabu ta Illela an san Maccido bakanike da abu biyu: iya duba fulogi, da kasa riƙe nashi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gindin dalbejiya ɗaya. In babur ya ƙi tashi, sai ya sa sifana ya kwance fulogin, ya kai shi bakin ido kamar mai sayen zinari. "Baƙi ƙirin, ga laima. Wuta ba ta kamawa nan." Don ya tabbatar, sai ya kwanto na babur ɗinshi ya ɗaura. Kiki guda injin ya kama ruri, mai babur ya hau gwaji, daga gwaji sai a ji labarinshi can garin Amarawa da fulogin.

Da matarshi Safiyyatu ta haifi ɗiya a gidan iyayenta a Lafani, surukinshi Malam Nu'man ya aiko da saƙo: da hantsi za a shafa fatiha, in uba bai iso ba, kaka zai raɗa sunan da ya ga dama. Maccido kuwa tun cikin na wata biyu ya ajiye sunan marigayiya mahaifiyarshi, Rakiya.

Ranar suna ya fito tsaf, shadda na ƙara, goro ɗaure a baya. Ya buga kiki sau goma, shiru. Ya duƙa ya leƙa. Ramin fulogi wayam.

"Mi ya samu likitan babura?" in ji Badaru ɗan kabu-kabu, wanda ya gudu da fulogin jiya.

"Badaru, in aka sa ma ɗiyata wani suna, kai za ka goye ta."

Badaru ya duƙa gaban babur ɗinshi. Sauran 'yan tasha suka dubi juna, kowa ya duƙa gaban nashi. Kafin ka ce kwabo, fulogi bakwai na kan tafin Maccido, duk nashi ne.

Sauri bai hana hali ba. Ya ɗaga ɗaya. "Wanga wa ya shaƙe shi da baƙin mai? Wanga kuma bakinshi ya cinye, sai ka ce haƙorin tsohuwa."

"Maigida, rana tana hawa," in ji Badaru.

Ya zaɓi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya jona waya, ya jingina shi jikin inji, aka buga kiki. Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle. Ya ɗaure, ya bar musu sauran, ya haye, babbar riga ta cika da iska.

Ya tarar da Malam Nu'man ya karkata bakinshi wajen kunnen liman. Bai ko kashe inji ba ya ɗaga murya. "Rakiya, Baba. Salamu alaikum. Rakiya."

Malam Nu'man ya haɗiye sunan da ke bakinshi, aka shafa fatiha cikin dariya.

Da taro ya watse, babur ɗin liman ya ƙi tashi. Maccido ya laluba aljihun shadda, sai ga sifana. Liman ya hau gwaji da fulogin Maccido. Kwanan Maccido biyu a Lafani.