Ruwan Bature

Shekarun nan kafin mulkin kai, ina karatu a Gwandu, labari ya iso mana cewa taubashina na Kalgo ya zama ma'aikacin gwamnati. Wani Bature ne ya zo yana zancen za a datse gulbi can ƙasa a samu wutar lantarki. Amma sai an san yawan lakar da ruwa ke ɗaukowa, domin ita ke cika madatsa ta kashe ta. Aikin taubashina shi ne ya ɗebi ruwan tsakiyar gulbi duk damina, ya cika kwalabe, ya toshe, ya ajiye. Shi ke nan. A kan wannan ya ɗinka wandon kaki, ya rataya alƙalami a aljihu, alhali ko baƙi bai haɗa ba, balle boko.

Da na kai masa ziyara, na tarar har tafiyarsa ta sake. Kwalabe jere a zaure, ruwan ciki garau kamar na rijiya, ga gulbi kuwa ja wur.

Na ce, "Taubashi, wanga ruwa na gulbinmu ne?"

Ya ce, "Kai dai tsaya ga allonka, malamin tsibbu. Mi ka sani ga aikin Turawa? Ni in ba babban baƙo ruwa da laka, a ce mutanen Kalgo ba su da tarbiyya?"

Ashe a tulu yake ɗebowa, ya juye a randa ya kwana. Da safe matarsa ta tace da farin ƙyalle, sannan ya ɗura. Na ce masa ina jin lakar ce ake so. Ya yi dariya har da buga cinya, ya kira maƙwabta su zo su ji wauta. Na ce a raina Allah ya kai mu kaka, lokacin da Baturen zai dawo.

Da kaka na koma, Allah kuwa ya sa a gabana Baturen ya iso da tafintansa. Ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana, ya ɗaga wata. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, ina lakar?"

Taubashina ya gyara tsayuwa ya ce, "Gaya mishi, ranka ya daɗe, ko ɗigo ba mu bari ba. Ya sha hankali kwance."

Baturen bai sha ba. Wuyansa ya yi ja kamar gulbin, ya sake tambayar inda aka kai lakar. Aka leƙa cikin gida aka tambayi uwargida. Daga bayan zana ta amsa cewa laka ce mai kyau, ta kankare gindin randa ta liƙe tsagar murhunta da ita.

A ranar aka karɓe kwalabe da aikin gaba ɗaya. Wandon dai aka bar masa, da shi ya yi ta shiga fadama har ya yage. Murhun kuwa, Alhamdu lillahi, bai sake tsagewa ba, na ci tuwonsa shekaru.