Gonar da Bahago Ya Mayar Ƙarfe

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙofar Galadima da Ƙofar Doka, in dai ya taɓa sha'awar ƙirjinsa ya buɗe, ya san Bahago. Sunansa na yanka Yakubu, amma ko a katin asibiti Bahago ake rubuta masa. Da dako ya fara a kasuwar birni tun gemu bai fito masa ba, kuma da hannun hagu yake cafe buhu ya aza a kafaɗa. Da girma ya fara zuwa sai ya zama shi ke raba wa 'yan dako aiki, ya daina ɗauka da kansa.

Ni ta wajen siminti na san shi. Ina da shagon kayan gini a Ƙofar Doka, kuma cikin masu sayayya a wurina shi kaɗai ke sayen rabin buhu ba don gini ba. Yakan kwaɓa shi da tsakuwa, ya ɗura a gwangwanin fenti biyu, ya soka bututun ruwa a tsakaninsu, ya bari ya bushe. Da irin waɗannan, da faifan injin mota da yake samowa wajen 'yan gwangwan, ya cika wani kango a gindin ganuwa. Nan samarin unguwa ke ɗaga ƙarfe kowace safiya. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Dokarsa biyu ce: ka yi sallar asuba kafin ka zo, kuma kada ya ji warin hayaƙi a bakinka.

Cikin kayan ɗagawar akwai wani babba da ya zuba a rabin ganga biyu, ya sa masa suna Na Kufena, saboda dutsen Kufena. Wanda duk ya iya raba shi da ƙasa, Bahago zai ɗauki ƙusa da guduma ya sassaƙa sunansa a jikin simintin. A shekara ashirin, suna bakwai aka rubuta. Na ƙarshe shi ne Muntasir.

Muntasir ya zo kangon nan siriri kamar sillen kara. Bahago ne ya riƙa saya masa ƙosai da kunun gyaɗa har ya yi jiki. Daga baya ya tafi Kaduna, ya yi aiki a wurin motsa jiki na wani otal, ya dawo da jarin da kawunsa ya ba shi. Ya kama shagon da ke kallon nawa, ya sa madubi bango guda, ya sa fanka, ya jera kayan ƙarfe 'yan waje masu baƙar roba, kowanne da tambarin karkanda a jiki. Kuɗin wata dubu shida.

Ana gobe buɗewa ya je ya durƙusa gaban Bahago.

"Maigida, a ara mini Na Kufena. So nake mutane su ga inda muka fito."

Bahago ya ji daɗi har ya kasa ɓoyewa. Washegari da kansa ya turo shi a amalanke, yana sanye da sabuwar shadda. Ina tsaye a ƙofar shagona na ga komai. Aka ajiye Na Kufena a tsakiyar taro, samari suka ɗaga wayoyi. Muntasir ya karɓi lasifika ya ce wannan abin da ake gani shi ya karkatar da kafaɗun samarin birni, shi ya cika asibiti da masu ciwon baya. Ya ce, "Daga yau jahiliyyar ƙarfe ta ƙare a Zariya." Sai aka miƙo masa babbar guduma.

Bugu huɗu ya yi, simintin ya tarwatse. Aka yi tafi, aka yi shewa. Bahago ya jira aka shafa fatiha, ya kama amalankensa wayam ya tura ya tafi. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin birni, har 'yan dakon da yake raba wa aiki suna kallo suna ƙunshe dariya. Cikin wata biyu samarin kango suka koma huɗu, daga talatin da wani abu.

Wata ranar Asabar sai ga shi a shagona. Bai nemi siminti ba.

"Aƙilu, kai ne mai lissafi. Irin kayan yaron nan, nawa ne?"

Ni ba na barin tambaya ta kwana. Nan take na kira wani dila da na sani a Legas, ya turo farashi. Sanda biyu, faifai, benci, matsayin aza sanda da ƙananan ƙarafan hannu, har da kuɗin mota, miliyan huɗu da ɗari biyu. Na faɗa masa, sannan na faɗa masa abin da na gano, don na riga na shiga wurin Muntasir na tattaɓa kayan. Gaskiya suna da abin yabo. Sandar ba ta lanƙwasa, bakinta yana juyawa yadda wuyan hannu ba ya wahala. Faifan da aka rubuta wa ashirin, ashirin ɗin ne. Na siminti kuwa, ko Bahago ya san gefe ɗaya yakan fi nauyi. Amma akwai mai walda a Tudun Wada da zai haɗa masa kusan irinsu, a auna a sikeli, a kan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin.

"Yaya Bahago, sauran kuɗin duk na karkandan nan ne. Jiki bai iya karatu ba, nauyi kawai ya sani."

"Jiki bai iya ba, yaran sun iya. Kana tsammanin don wuyan hannu suka gudu? Hoto suke ɗauka. Mai karkandan nake so. Kuma ya fi nasa yawa."

"Da wane kuɗin?"

"Ina da gona."

Gonar gado ce a bayan Kufena. Masara buhu goma sha takwas take ba shi in damina ta yi kyau, ban da wake. Ita ke ciyar da gidansa shekara, ita ce kuma abin da zai jingina da shi in ƙarfi ya ƙare, ga shi ya haura hamsin. Na buga masa lissafin sau biyu. Ya saurara har na gama, ya ce in nemo mai saye.

Matarsa Jamilatu ta aiko aka kira ni. Na tsaya a zaure, tana daga ciki, shi kuma yana zaune a tabarma yana yanke farce.

"Aƙilu, kai ma da hankalinka? In yunwa ta zo, robar za mu dafa ko ƙarfen?"

"Wallahi Yaya, na faɗa masa."

Sai ta koma kan mijinta. "Baban Su'ad, yaron nan siminti ya fasa, ba kanka ba. Rabin buhu nawa ne? Ni zan saya maka da kuɗin adashina."

"A gaban mutane ya fasa," in ji Bahago. "Ina sanye da shadda."

"To shaddar ce za ta cinye mana gona?"

Aka sayar da gonar.

Ranar da kaya suka iso na ɗauka kango za a kai. Sai ya nuna rumfar da ke gefen shagona, wadda ƙofarta ke kallon ƙofar Muntasir ido da ido. Na ba shi haya da sauƙi, don na riga na hango ruwan leda da lemon da zan sayar. Ya sa madubi wanda ya fi na can faɗi. Ya sa aka rubuta a allo da jan fenti: KYAUTA. Sai ya ƙara doka ta uku. Ya ajiye bokiti da almakashi a bakin rumfa. Duk mai katin wurin Muntasir, sai ya yanka shi biyu ya jefa a bokitin kafin ya taɓa ƙarfe, kuma a waje zai yanka, inda za a gani daga tsallake.

Makon farko kati tara na ƙirga. Na biyu, ashirin da shida. Waɗanda suka yi tafi ranar guduma su ne a gaba, suna "Maigida, Maigida" kamar ba su ba. Bahago bai tuna wa kowa komai ba. Yakan ɗauki kujera ya zauna a bakin titi, in Muntasir ya zo buɗe shago ya ɗaga masa hannu.

"Injiniyan ƙarfe! An tashi lafiya? Ya kasuwa?"

Muntasir ya rage kuɗi zuwa dubu huɗu, ya koma dubu biyu. Ya sa kiɗa. Ya kawo mai koyarwa daga Kaduna, mutumin ya yi mako uku ya gudu. Janareto kuwa ba ya shan haƙuri, mai yake sha. Daga inda nake ina ganin fankar tana juyawa a kan mutum uku, wani lokacin biyu.

Da kuɗin haya ya matso, kawun Muntasir ya turo dattawa. Bahago ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya ce shi sadaka yake yi wa samarin unguwa, wa zai hana mutum sadaka? Suka kalli juna, suka tashi. Washegari Muntasir ya tsallako da kansa, ya durƙusa a gaban kujerar, samari suka ajiye ƙarfe suna kallo.

"Maigida, na yi kuskure. Ƙuruciya ce. Don Allah a yafe mini."

"Ina wayarka?"

"Ga ta."

"A waya ka yi, a waya za ka warware. Ba wa wancan ya ɗauka."

Aka ɗauka. Ya faɗi wanda ya koya masa, ya faɗi wanda ya ciyar da shi. Bahago ya sa ya maimaita wajen ƙosai, wai mota ta wuce ba a ji ba. Aka tura, ya tsaya sai da ya ga ya shiga wayoyin mutane.

"To, na yafe maka duniya da lahira."

"Na gode, Maigida. To maganar kyautar nan, ko dubu ɗaya ce a sa, mu ma mu samu mu..."

"A'a. Yafiya daban, ƙarfe daban. Tashi, ana jiran benci."

Kafin damina ta tsaya Muntasir ya kwashe kayansa a motar a-kori-kura, ya koma Kaduna. Bahago ya zauna a kujerarsa tun daga fitar faifan farko har aka sa kwaɗo. Ya aika aka sayo tsire, ya raba wa duk wanda ke wurin, har direban motar. Yanzu tela ne a shagon.

Sai kaka ta zo. A karon farko a rayuwarta Jamilatu ta aika kasuwa a auno mata masara a tiya. Rabon aikin dako ba ya ciyar da gida mai mutum takwas. Bahago ya goge KYAUTA ya sa dubu biyu, samari suka ragu zuwa sha ɗaya, cikinsu ma rabi sai "gobe, Maigida." Ya zo ya same ni.

"Aƙilu, aikin ya ƙare. Nemo mai sayen kayan nan, a mayar mini da gonata."

Na bi waya. Na kira Kaduna, na kira Kano, na kira dilan Legas ɗin. Wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a miliyan ɗaya da ɗari takwas, wai kaya sun sha hannu, roba ta fara cin ƙasa. Na hau babur na je bayan Kufena. Wanda ya sayi gonar ya riga ya yanka ta filaye, an kafa duwatsu, har wani ya fara tona harsashi a inda ake shuka wake. Kuɗin da aka taya kayan ko fili biyu ba zai saya ba. Na dawo na faɗa masa yadda abin yake, ban rage ba.

Ya kalli shagon tela a tsallake.

"To bar su. Kada ka sayar."

Yanzu in ka je kasuwar birni da hantsi za ka gan shi cikin 'yan dako, ba yana raba aiki kaɗai ba, yana ɗauka. Gwiwarsa ta dama tana damunsa, yakan ɗaure ta da ƙyalle. Da asuba kuma yana rumfa, yana goge faifan nan ɗaya bayan ɗaya da tsumma.

Masu son buɗe irin wannan wuri suna yawan zuwa shagona su tambaya ko kayan kamfani sun ci kuɗinsu. Nakan ce in jiki kake nema, je Tudun Wada wurin mai walda, ka riƙe sikeli, ka ajiye canjinka. Shi ma na taɓa tambayarsa, ranar da na same shi ya sauke buhu yana haki a gindin wata mota.

"Yaya Bahago, tsakani da Allah, sun ci kuɗinsu?"

Ya share gumi da hularsa.

"Ka ga fuskar yaron nan ranar da yake sa kwaɗo?"

"Na gani."

"To me kake tambayata? Kama mini wancan buhun in aza."